Baƙon da Ya San Sunan Nomau

A Garin Zali, ƙauyen da ke maƙale a gindin dutse tsakanin Dewule da Buza, ko yaron da bai shiga makarantar lakwal ba ya san yadda Zali ya mutu. Shekara ɗari da wani abu da suka wuce mahara suka gangaro daga arewa a kan raƙuma. Zali ya kora mata da yara bisa dutse, shi kuma ya tsaya shi kaɗai a mashigar kwari da takobi da garkuwar fata, tun hantsi har la'asar. Mutum goma sha bakwai ya kayar kafin mashi ya same shi. Inda ya faɗi nan aka binne shi, aka jera baƙaƙen duwatsu a kai.

Bubakar, tattaɓa-kunnen Zali, shi ne mai faɗin labarin yanzu, kuma takobin yana ɗakinsa, naɗe cikin tsohon bargo. Gidan da aka ce a da yana ɗaure doki talatin ya koma ɗaki uku da jaki guda. 'Ya'yansa maza suna Abijan, sai shi da yayarsa Jaratu, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Gonar da kabarin yake ciki tasu ce, kuma kowace damina kwazazzabo yana gutsurar gefenta.

Da bazara wani mutum ya zo a kan moto, wato babur, ya ce sunansa Abdulrazak, daga Madawa. Ma'aikacin wani furoje ne, wato shiri mai tare zaizayar ƙasa da duwatsu cikin ragar waya. Aka ce ya yi shekara biyu a Japon yana karatun ruwa da ƙasa. Mai fara'a ne, yana durƙusa wa tsofaffi, nan da nan gari ya karɓe shi.

Bubakar ne kawai bai saki jiki ba. Akwai kwazazzabai uku da suka fi nasa muni, ɗaya ma ya kusa cin rijiyar gari, amma baƙon da gonarsa ya fara awo. Ya auna ya tafi, jibi ya dawo ya sake aunawa. A zuwa na uku Bubakar ya hango shi daga nesa ya cire takalmi, ya tsuguna gaban duwatsun, ya daɗe bai motsa ba, sannan ya ciro salula ya ɗauki hoto.

Ga kuma tambayoyi. "Baba, wa ya ga faɗuwar tasa? Wa ya yi masa wanka? Takobin fa, a ina aka tsince shi?"

Shekara arba'in Bubakar yana ba da labarin nan, ba a taɓa tambayarsa wanda ya yi wanka ba.

"Takobin shika so," in ji Jaratu, tana tankaɗe ba ta ɗago ba. "Bara waccan ba haka anka yi ma wasu a wajen Keita ba? Mutum ya zo da daɗin baki, ya tahi da kayan kakanni, sai dai a ji suna ƙasar Turai."

A ranar Bubakar ya ɗauke takobin daga ɗaki ya tura shi cikin rumbu, ƙarƙashin dammunan gero.

Abin da ya tsinka masa zuciya ya faru ranar wata Laraba. Suna tsaye su biyu a mashigar kwarin, Abdulrazak yana kallon yadda duwatsu suka matse hanya, sai ya ce a hankali, kamar mai magana da kansa, "Ashe nan ne Nomau ya tsaya."

Bubakar ya juyo ya dube shi. Nomau shi ne sunan da uwar Zali take kiransa da shi, don da damina aka haife shi. Ba ya cikin waƙa, ba ya cikin kirari. Uban Bubakar ne ya gaya masa shi a kan gadon ciwo, kuma ban da shi da Jaratu babu mai rai da ya san shi a garin.

"Mi kac ce?"

"Zali na ce, Baba."

"Ba shi kac ce ba."

Abdulrazak ya sunkuyar da kai yana naɗe igiyar awonsa.

Washegari Bubakar ya je wurin mai gari Iro ya ce ba za a sa dutse ko ɗaya a gonarsa ba. Iro ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ce ruwa na tafe kuma ƙasar ba za ta jira ba. Bubakar ya ce ya ji. Daga nan ya koma kwana da tunani, yini da gadi. In ya ji ƙarar moto sai ya ɗauki hauya ya nufi gona kamar mai aiki. Wani lokaci ya ce ma'adini mutumin yake nema a ƙarƙashin kabarin, wani lokaci ya ce asiri ne, wani ya aiko shi ya ɗebi ƙasar jarumi. Kowane zato ya ɗauka sai sunan nan na Nomau ya ƙi shiga ciki.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka da azahar ranar wata Juma'a, bai ɗauke ba sai gab da magariba. Da safe aka zo aka gaya wa Bubakar cewa kwazazzabo ya tafi da rabin kabarin. Ya iske mutane sun taru a gaɓa. Ruwa ya yanke wurin tsaf kamar da wuƙa, ana ganin cikinsa daga sama har ƙasa. Duwatsu ne a bisa, sai jar ƙasa mai tauri. Babu ƙashi, babu komai.

Abdulrazak yana cikin taron. Bubakar ya ratsa mutane ya kama wuyan rigarsa.

"Kai ne! Kai ka tone shi! Ina ka kai mana shi?"

Aka riƙe shi. Iro ya sauka cikin ramin ya kankare bangon da wuƙarsa, ya ɗago ya ce, "Bubakar, ƙasag ga ba a taɓa haƙa ta ba. Ba bana ba, ba shekara ɗari ba."

Abdulrazak ya gyara rigarsa ya ce, "Baba, in ka yarda in zo gida. Maganar ba ta taro ba ce."

A zaure ya zauna a ƙasa, Jaratu na tsaye bakin ƙofa ta ƙi shiga ta ƙi tafiya.

"Ban yi muku ƙarya a kan aikina ba," ya ce, "amma ni na roƙi a turo ni nan. Lokacin da nake Japon, malamina ya kai ni sauraron wani tsoho mai kaɗa wani abu kamar molo. Waƙar yaƙi ce ta zamanin da, ana fassara mini kaɗan-kaɗan. Wani babban gida ne da ya riƙe ƙasar duka, mazajensu suna faɗin sunansu da na ubanninsu kafin su zare takobi, amma cikin 'yan shekaru aka share su. Waɗanda suka ci su ma ba su daɗe ba. Mutane na ta share hawaye a kan mutanen da suka mutu shekara ɗari takwas. Ni kuwa kakata na tuna, 'yar Ibohaman. Ita ma tana da labarin wani jarumi, kakanta, ban taɓa sauraronta da kyau ba har ta rasu. Nomau take ce masa. Ta ce an kawo shi ɗaure a kan raƙumi, da mashi a cinya, daga wani gari a gindin dutse."

"Ƙarya ce," in ji Jaratu. "Gona shika so, Buba. Yau shi ce jini, gobe shi ce gado."

Bubakar ma abin da ya zo masa ke nan. Amma ya ga jar ƙasar nan da idonsa.

"Wa ya rage da ya san zancen ga, ban da kai?"

"Kawuna Alƙasim. Yana da shanu a wajen Ibohaman."

"Kai ni. Kuma ba ka buɗa baki in mun je. Ni ka yin tambaya."

Ya karɓe salular Abdulrazak ya sa a aljihunsa, don kada a riga shi isa da magana. Suka yi rabin yini a kan moto, hanya duk duwatsu da taɓo.

Alƙasim dogon tsoho ne mai rawani, suka same shi a bakin rijiya ana shayar da shanu. Bayan gaisuwa da shan nono, Bubakar ya fara tambaya kamar alƙali.

"Da wane hannu shika cin tuwo?"

"Da dama shika ci, don an hore shi. Amma guga da hagu shika ja. Bahago ne."

Ƙotar takobin da ke rumbun Bubakar ta gefen hagu ta goge.

"Mutum nawa ya kashe?"

Alƙasim ya yi murmushi. "Shi dai ya ce biyu. Na ukun bai tabbata ba. Amma ya tsare hanyar har mata sunka haye, wannan ko waɗanda sunka kama shi sun shaida."

Sauran labarin ya fito a hankali. Nomau ya yi shekara tara a hannun mutanen kafin su sake shi. Ya zauna nan yana ɗingishi, yana shayar da dabbobin wasu, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya mata uku, ya mutu da tsufa a wata shekarar yunwa.

"To mi ya hana shi komowa gida?" in ji Bubakar. "Tahiyar kwana biyu ce."

"Ya taɓa kamo hanya. A wata kasuwa ya iske makaɗi na waƙar Zali, yadda ya mutu da mutum goma sha bakwai kwance gabanai. Ya tsaya ya saurara har ƙarshe, ya juyo. Ya ce ma ɗiyanai gurgu mai jan guga ba shi zuwa ya tada wancan mutum."

Bubakar ya nemi a nuna masa kabarin. Alƙasim ya kai shi wani fili bayan rugar, inda gero ya fara tsiro. Ya ce tsohuwar maƙabarta ce, tun yana yaro alamunta suka ɓace, yana nan dai tsakanin waccan aduwa da wancan tudu. Bubakar ya tsaya a gefe don kada ya taka shuka, ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo.

Da za su rabu ya kasa haƙura. "Gonar hwa? Kuna da magana a kanta?"

Alƙasim ya yi dariya har da tari. "Yaron ga ya ce min duwatsu ne da rami. Shanuna mi za su ci a can?"

Bubakar ya mayar wa Abdulrazak salularsa a kan hanya. Da suka iso, Iro ya tare shi ya tambayi abin da ya samo.

"Dangi na samo," ya ce.

"Zali hwa?"

"Ya tsaya a mashigar. Mata sun haye. Sauran sai na huta."

Aka fara aiki a gonar cikin makon. Bubakar bai daina zuwa yana sa ido ba, sai dai yanzu yakan miƙa dutse. Jaratu kuwa ba ta sauko ba. Da kaka, da Alƙasim ya zo da 'ya'yansa mata biyu da ƙwaryar man shanu, ta yanka musu zabuwa, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta zauna tana ƙare wa fuskokinsu kallo ɗaya bayan ɗaya. Bayan sun tafi ta ce ƙaramar tana da goshin mahaifinsu ita da Bubakar, amma duk da haka a je meri, ofishin magajin gari, a yi wa gonar takarda.