Buhunan Goro a Kan Kankaren Makaranta

Kwana huɗu na yi a Cape Coast ina rubuta jarrabawar malanta, amma hankalina yana unguwarmu Asawase, a kan kankaren da muka zuba wa benen makarantarmu. Da mota ta sauke ni a tashar Kejetia ranar Asabar ban biya gida ba. Da akwatina a hannu na nufi wurin ginin.

Shekara biyu muka yi kafin mu kai wannan mataki. Ni ne sakataren ƙungiyar samarin unguwa, ni na tsaya gaban dattawa a 1954 na ce mun gaji da cusa yara ɗari a rumfar kwano, bene za mu gina, ƙasa karatun Arabiyya, sama na boko. Ni na nemo Mista Ofori, mai zanen gini. Ya auna fili, ya sa aka haƙa ramuka uku don ya ga irin ƙasar, ya yi zane, ya kai majalisar gari aka buga hatimi. Tun daga tushe har ginshiƙai da ɗaurin rodi, ba a wuce mataki ɗaya ba sai ya zo ya duba da idonsa.

Kuma ba matakin da ban yi faɗa da Kawu Brimah ba. Wan mahaifiyata ne, ya shekara arba'in yana ginin ƙasa a Zango, dattawa kuma sun ce in ba shi ne shugaban magina ba, a cire su a maganar.

"Ɗakin da aka haife ka, wa ya zana shi a takarda?" haka yake tambayata. "Ya faɗi?"

Bai faɗi ba. Amma kowace damina sai an sake yaɓe shi, wannan kuwa Kawu ba ya son a ambata.

Ranar da aka zuba kankaren duk unguwa ta fito, maza na kwaɓawa, mata na miƙa kwanonin kankare. Da aka gama Mista Ofori ya ja ni gefe.

"Ticha, wannan abu ruwa yake so. Safe da yamma, kwana goma sha huɗu. In ya bushe da wuri, cikinsa gari zai zama. Ranar Asabar zan zo. In bai yi ba, fasawa za a yi. Ba zan sa hannu yara su hau ba."

Na san abin da fasawa take nufi. Ba wanda zai sake ɗaukar kwano, dattawa za su ce dama sun faɗa, yara su koma rumfa. Washegari na jiƙa kankaren sharkaf da hannuna, na cika durom biyu da ruwa, na maimaita wa Kawu saƙon sau uku, ya ce ya ji, sannan na tafi.

Tun daga nesa na hango abin da aka yi. An rufe saman ginin ruf da tsofaffin kwanon rufi, an danne da duwatsu. Durom biyun da na cika da ruwa suna kife a ƙasa. Kawu yana zaune a inuwa yana gyaran igiyar awo.

"Kawu, mene ne wancan?"

"Ba sallama, Awalu? Boko ya hana?"

"Salamu alaikum. Mene ne wancan?"

"Hadari ya haɗo ranar da ka tafi, na rufe muku gininku. Ka ce an gode."

"Ruwan da na ce a riƙa zubawa fa?"

Ya ajiye igiyar ya dube ni kamar mara lafiya. "Ni da hankalina in ɗebi ruwa in zuba wa ɗanyen gini? Tun kafin uwarka ta yi wayo nake kare gini daga ruwa. Na ɗauka zafin jarrabawa ne ya taɓa maka kai."

Ban san sanda muryata ta tashi ba. Na ce wannan ce cutarmu a Zango, a faɗa wa mutum abu ya ce ya ji, ya juya ya yi yadda kakansa ya yi. Na ce masu ginin ofisoshi a cikin gari ba su fi mu hannu ba, sun fi mu sauraro ne. Mutane suka fara taruwa. Inna Lariya mai koko ta ce, "Ticha, kawunka ne fa." Na ce kankare bai san kawu ba.

Ana cikin haka Mista Ofori ya iso a kan babur ɗinsa. Ya gaida Kawu tukuna da lakabin dattijo a yarensu, kamar kullum, "Opanyin, ina wuni," sannan ya ɗaga kai ya ga kwanukan. Ya ciro ƙaramar guduma daga jaka ya hau tsani, na bi shi, Kawu ya biyo mu yana nishi.

Na ɗaga kwano na farko. A ƙarƙashinsa buhunan goro ne shimfiɗe, ninki biyu, da ganyen da ake naɗe goro a ciki. Wani ɗumi mai ƙanshin ganye ya bugi fuskata. Mista Ofori ya tsuguna ya tura hannu ƙarƙashin buhu, ya fito da shi ya duba tafin.

"Ina ka samo waɗannan, Opanyin?"

"Wurin Alhaji Wahabu mai goro. Na sa su ne don kada kwano ya karce muku shafe."

"A jiƙe suke?"

"Buhun goro ai kullum a jiƙe yake. Ba busassu a shagon, na haƙura da su haka."

Mista Ofori ya fara tafiya yana ɗaga buhu yana ƙwanƙwasawa. Ya kasa kunne, ya karce da bakin guduma, ya matsa gaba. Ina biye da shi. Ya yi haka tun daga gabas har yamma, kusan rabin sa'a. A kusurwar ƙarshe, inda buhuna ba su kai ba, kankaren ya yi fari, ya yi 'yan tsage-tsage kamar gashi. Ya daɗe a nan kafin ya miƙe.

"Wannan kusurwa za a sassaƙe samanta a sake shafewa. Sauran ya yi. Ruwan da ka zuba ran farko bai samu hanyar fita ba, Ticha, buhunan sun riƙe shi." Ya juya ga Kawu yana dariya. "Opanyin, ka shayar da shi kwana huɗu ba ka sani ba."

"Ni? Allah ya kiyaye."

"Ba za a fasa ba ke nan?" na tambaya, don ina so in ji da kunnena.

"Ba za a fasa ba. A cire kwanon, a bar buhunan, a riƙa jiƙa su kwana goman da suka rage. Turakun da suka tokare shi ta ƙasa kuma kada wanda ya taɓa su sai na zo."

Na zauna a kan wani bulo. Daga ƙasa Inna Lariya ta ɗaga murya, "Yaya?" Na ce, "Ya yi!" Sai guɗa ta tashi.

Sa'a ce kawai, na kuma faɗa wa Kawu haka bayan Mista Ofori ya tafi. Da Alhaji Wahabu yana da busassun buhuna, da yanzu muna neman masu fasawa. Ya ce shi dai ya san ya rufe gini, gini kuma ya tsira, sauran surutun 'yan boko ne.

Na tuɓe rigar jarrabawa, na tayar da durom, na tafi famfo. Da na dawo da bokiti biyu na same shi tsaye a gindin tsani.

"Hannuna dai ba zai zuba wa gini ruwa ba," ya ce. Ya sa ƙafa ya danne tsanin, ya riƙe shi da hannu biyu. "Hau, kafin ka faɗo a ce ni ne."