Ragon da Ya Sha Garin Likita

Ni ne Ishaq ɗan Bakri, wanda ake kira Giwa tun daga Mai Wurno har kasuwar Omdurman. Ban taɓa zama a aji ba, kuma ban ga abin da na rasa ba. Babbar yunwar da ta kwashe tsarana ta zo ta bar ni a tsaye. Yaƙin da ya kore mu daga Khartoum ya cinye tukubata ta agashe, tsirenmu na Sudan, na hau bayan mota na ratsa sahara har Aswan, samari suna suma a gefena ni ina ɗiga musu ruwa a baki. Duk wanda zai koya mini yadda ake rayuwa, ya fara nuna mini abin da shi ya tsallake.

A layinmu na Arba wa Nus, nan Alƙahira, mu Hausawan Sudan mun zo da al'adarmu. Ranar babbar Sallah mutum ɗaya ke riƙe wuƙa. Ragonsa ake fara kayarwa, in ya yanka shi da kyau sai kowa ya jawo nasa. Ragunan ba yawa, 'yan hijira ne mu, amma mai wuƙa shi ne babban layi har shekara ta zagayo. Tunda na sauka wuƙar nan a hannuna take. Akwai kuwa wanda ke haɗiyar yawu a kanta: Fadl, ɗan garinmu, mai tukubar da ke kallon wadda na sake kafawa a nan. Tun muna yara yake bin bayana yana kwaikwayona, har yau bai iya haɗa yaji ba, ƙonannen ƙuli yake barbaɗa wa mutane.

Abin da ya kayar da ni bara sukari ne da nauyi. Gwiwa ta ƙi hawa bene, numfashi ya ƙi. Ɗana Husam da ke aiki a Jidda ya haɗa baki da yayarsa Awadiyya, wadda nake zaune da ita tun rasuwar uwarsu, suka kai ni aka rage mini tumbi. Da na farfaɗo likita ya tsaya a kaina, yaro ne da gemunsa bai gama fita ba.

"Ya Hajj," ya ce, "daga yau abinci kaɗai ba zai riƙe ka ba. Ga garin furotin, a dama a ruwa safe da yamma. Ga allura lokaci-lokaci saboda jijiyoyi. Ga ƙwayar fitamin, ita kam kullum ce, har ƙarshen rai."

"Ran wa?" na ce. "Kai, tumbin da na farke a rayuwata ya fi gashin kanka yawa. Nama ke gina mutum."

"Naman da za ka iya ci yanzu bai cika tafin hannu ba. In ka bar su, ƙafa da hannu za su fara gaya maka."

Da fari na bi, don Awadiyya ta zame mini ɗan sanda. Sukarin ya sauka, ba zan yi ƙarya ba, bene ya zama wasa. Jallabiyata ta koma kamar tanti. Sai wata rana la'asar ina gidan shayi, na fito da ƙoƙon roba mai murfi na girgiza garina. Fadl ya ajiye kofinsa.

"La ilaha! Jama'a ku duba, Giwa an koma shan nono. Ina mai goyon, ya zol, mutumina? A kawo zani!"

Aka fashe da dariya, har Bamisiren mai shayi da ba ya jin Hausa.

"Ai jaririn nan ne zai yanka ragonka bana," na ce.

"Kai? Dubi wuyanka kamar na zabuwa. Bana wuƙa tawa ce, khalas, magana ta ƙare."

Daga ranar na daina. Ni ba mai zubar da abinci ba ne, wanda ya ga yunwa ba ya zubarwa. Na sayi ɗan rago wurin wani Basa'ide, mutumin kudancin Masar, na ɗaure shi a saman bene kusa da tankin ruwa. Kullum in Awadiyya ta tafi aikinta na ɗinki, sai in juye garin cikin dusa, in daka ƙwayar a turmin yaji in barbaɗa. Ranar allura kuwa in ce na tafi kantin magani, in zarce gidan shayi. Na ce bari mu ga ko maganin likita yana aiki, in yana yi Fadl zai gani a jikin ragona.

Wallahi ya yi. Rago ya murje, gashi yana sheƙi, mata suna hawowa daga wasu gidaje don kallonsa. Na Fadl in aka jera su kamar ɗan akuyar da aka yaye da wuri.

Ni kuma sai tururuwa ta fara yawo a tafin ƙafata. Silifas ya fita in yi tafiya ban sani ba. Harshe ya yi ja yana zafi, gemu yana zuba a buta. Kofin shayi ya suɓuce mini a gaban mutane, na ce mai shayi ne bai goge shi ba. Na sa wa raina idon Fadl ne, don tun yana yaro idonsa ba alheri.

Ana sauran 'yan kwanaki Sallah, Awadiyya ta hau shanya. Ta sauko da kwanon dusa a hannu, ta dangwarar a gabana.

"Baba, tun yaushe rago ke ƙamshin cakulan?"

"Ragon gidan Giwa ne, ya yi ƙamshin da ya ga dama."

"Husam yana cin rana a Jidda yana aiko maka, kai kana ciyar da dabba? Miƙo hannunka."

"Ba zan miƙo ba."

"Miƙo in tsunkule ka, ka rufe ido ka faɗi wane yatsa ne."

"Ke, ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

"Kai ka haife ni, kuma ni zan ɗauke ka in ƙafar ta mutu. Duk don Ammu Fadl ya yi dariya? Tsohon da haƙoransa ba su cika baki ba?"

Na ce ta fita mini daga ido. Ta fita, ta bugo ƙofa har makwabta suka leƙo. Daga nan ba ta ƙara ce mini uffan ba. Sai dai kowace safiya in tarar da ƙwaya ɗaya a kan faranti kusa da shayina, ni kuma in bar ta nan.

Ranar Sallah muka dawo daga idi, aka sauko da rago yana tirjiya a matakala. Farfajiyar gida ta cika. Fadl ya zo da sabuwar hula, da wuƙarsa nannaɗe a jarida, ya jingina da bango yana sakace haƙorin da ba shi da shi. Aka kwantar da rago ya fuskanci alƙibla. Na zaro wuƙata, wadda na ɗauro a cinya tun daga Omdurman, na gwada kaifinta a farcen babban yatsa kamar yadda na saba.

Sai na ga ja yana ɗiga a farar jallabiyata. Na yanke yatsa, ban ji komai ba.

Na murtuke fuska na durƙusa. Mahauci ba da ido yake yanka ba. Da yatsun hagu yake laluben maƙogwaro da jijiyoyin wuya, ya ji inda jini ke bugawa, sannan dama ta wuce sau ɗaya. Na ɗora yatsuna a wuyan rago, kamar na ɗora a katifa. Ba bugu, ba ɗumi. Ƙotar wuƙar ma ina ganinta a hannuna ne kawai. Ragon ya juyo ido yana kallona, shi da na ciyar da hannun nan. In na sa wuƙa haka, gurzawa zan yi, ya wahala, wataƙila ma ya zama mushe. Ni Ishaq ban taɓa wahalar da dabba ba, ba kuma zan fara don idon jama'a ba.

Fadl ya matso yana warware jarida.

"Ma'alish, yi haƙuri, ya Hajj. Tsufa ne, ba kunya. Tashi ka je a dama maka kokonka."

"In ka taɓa ragon nan sai na haɗa da kai." Na ɗaga murya. "Awadiyya!"

Ta ratso mata ta fito. Yarinyar nan a gindin tukuba ta girma, tana fiɗa tun ba ta kai teburi ba, awakin gida kuwa ita ke yankawa in na yi tafiya.

"Karɓi," na ce.

Ba ta karɓa ba. Ta kwance bakin mayafinta, ga ƙwayar safe a ƙulle.

"Haɗiye tukuna. A nan, a gabansu. Kuma gobe mu je allura, ƙafata ƙafarka."

"Ke, a gaban Fadl?"

"To ba shi wuƙar."

Wallahi da namiji ne ya yi mini haka da an raba mu. Na kalli Fadl, bakinsa har kunne. Na fizgi ƙwayar na jefa a baki, na kora da ruwan butar da aka kawo don wanke wuƙa.

"Tamam," ta ce. Ta naɗe hannun riga, ta durƙusa inda na tashi, ta lalubi wuya, ta yi bisimilla da kabbara. Sau ɗaya. Jini ya yi tsalle har bango.

"Haram!" Fadl ya yi ihu. "Mace? Wa zai ci wannan? Malam Ja'afar, ka yi magana!"

Ja'afar ɗan Kano ne, yana karatu a Azhar, a ƙasanmu yake haya. Ya gyara tabarau ya ce, "Yankan mace ya halatta, ya Ammu. Wannan kuwa ya yi kyau."

Ba zan ɓoye ba, wasu maza sun ja ragunansu sun bi Fadl tsallaken titi. Amma layinmu rabinsa mata ne da yaƙi ya raba da mazansu. Wata cikinsu mai suna Samah ce ta fara jawo nata, ta ce ita wuƙar gidan Giwa ta sani. Sauran suka biyo. Na zauna a kujera da yatsa a ɗaure ina ba da umarni, ko da yake ba wanda ya tambaye ni.

Likitan ya yi ta faɗa da muka je. Ya ce jijiya a hankali take dawowa, wata ma ba ta dawowa duka. Na ce bai san irin jijiyar da yake magana a kai ba. Ina shan ƙwayarsa, ina karɓar allurarsa, ƙoƙon robar kuwa a tsakiyar gidan shayi nake girgiza shi, da ƙarfi, saitin kunnen Fadl. Shekaranjiya kofin shayi ya ƙona ni a yatsa, na yi ta murna har mai shayi ya ɗauka na zare.

Da aka raba naman layya ban manta da maƙwabci ba. Na sa aka wanke tumbin ragon tas, aka kai wa Fadl a leda, tunda shi ba abin da ya dame shi a duniya kamar tumbin gidana.