Haƙorin Anorgul

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To, ku gyara zama.

Safarmad yana ba saniyarsa ruwa a bakin kogin Yahsu sai ya ji Anorgul, matar maƙwabcinsa, tana kiransa ta kan katanga.

"Maƙwabci! Baban Jamshed na nemanka. Ya ce ka zo yanzu, wai kada ka tsaya shan shayi."

Ta yi maganar da gefen gyalenta a baki, kamar kullum. Safarmad ya ɗaure saniya a gindin bishiyar tut ɗinsa, ya dubi kogi. Jiya ruwan kore ne shar, ana ganin duwatsun ƙasa. Yau ya fara komawa launin shayi da madara. Bikin Nauruz na sabuwar shekara ya wuce, rana ta yi ƙarfi, dusar ƙanƙarar kan tsaunuka ta fara narkewa. Duk ɗan ƙauyen ya san in Yahsu ya fara haka, kwana kaɗan ne zai cika ya riƙa mirgina duwatsu kamar tumaki.

Nazarali, mijin Anorgul, yana kwance tun tsakiyar sanyi. An kai shi asibitin birni, likitoci suka duba cikinsa, suka ce a mai da shi gida ya ci duk abin da ransa ke so. Kowa ya gane. Shi ma ya gane.

Safarmad ya same shi a kan katifa kusa da murhun ƙarfe, ya rame har hularsa ta yi masa yawa.

"Yaya, ya jiki?"

"Jiki ya gama nasa. Zauna. Ka ji muryar kogi?"

"Na ji."

"Buzuna yana ciki."

Kunnuwan Safarmad suka miƙe.

Bari in gaya muku zancen buzun nan. Nazarali direban babbar mota ne a gandun gwamnati har ya yi ritaya. Da ya zauna gida sai ya kama wankin zinare, ba don ci ba, don fanshonsa da gonarsa sun ishe shi. Abin sha'awa ne kawai, irin yadda wani ke kiwon tantabaru. Yana yi yadda kakanni suka yi: in kaka ta yi, ruwa ya ja baya, sai ya shimfiɗa buzun tunkiya a ƙasan kogi, gashi a sama, ya danne da duwatsu. Duk tsawon sanyi yashi na bi ta kai yana wucewa, zinare kuwa da yake mai nauyi ne sai ya maƙale a gashin. Kafin ruwa ya cika sai ya ɗauko, ya wanke a akushi. Safarmad ma ya kama wannan sha'awa, amma shi hannunsa bai da sa'a. Kuma mai wankin zinare ba ya faɗin wurinsa ko ga ɗan'uwansa na ciki ɗaya. Suna cewa zinare yana da kunne, in ya ji an ambaci gidansa sai ya tashi.

Shekara da shekaru Safarmad na bin sawun Nazarali. Da ya ga ya rataya jaka ya nufi kwazazzabo, sai ya biyo shi daga nesa yana laɓewa bayan duwatsu, ya dawo da ciwon gwiwa, bai ga komai ba.

"Tsohuwa," in ji Nazarali, "miƙo kwalbar nan."

Anorgul ta zaro wata 'yar kwalbar allura daga bayan agogon bango. A cikinta akwai garin zinare, an ɗaura jan zare a wuyanta. Saura kaɗan garin ya kai zaren.

Wannan kuma kowa ya san zancensa. Tun ɗansu Jamshed bai fara tafiya ba, Nazarali ya ɗauki Anorgul a motar gandu za su biki, jaki ya shigo hanya, ya taka birki, bakinta ya bugi ƙarfe, haƙorin gaba ya fita. Matan ƙauyen duk suna da haƙoran zinare, bakin wasu ma in sun yi hamma sai ka ce an buɗe shagon maƙeri. Jamshed, da ke aikin gini a Rasha, ya sha cewa zai aiko a sa wa uwarsa. Uban ya ce a'a. Haƙorin da ya karya shi zai mayar, da hannunsa, kuma da zinaren koginsu. Mai sa haƙori a birni shi ya ɗaura masa zaren, ya ce in ya kai nan ya dawo. Ita kuwa Anorgul tun daga ranar ba wanda ya sake ganin dariyarta sai ta bayan gyale.

"Na bana zai cika shi," in ji Nazarali. "In ruwa ya tafi da buzun nan, na tafi da kunya. Matso da kunnenka."

Safarmad ya sunkuya. Nazarali ya raɗa masa 'yan kalmomi. Safarmad ya ɗago a hankali.

"Wane dutse?"

"Baƙin dutsen."

"Na gindin tut ɗina? Inda nake ba saniya ruwa?"

"Inda kake zama kana alwala. Ta ƙasa, gefen da ruwa ke juyawa."

"To kwazazzabon fa? Me kake zuwa yi?"

"Shan shayi. Akwai inuwa mai kyau. Wani lokaci har ina hango hularka bayan dutse, in ce bawan Allah, ko in kira shi ya sha kofi ɗaya."

"Amma kai, Yaya, Allah ya isa tsakanina da kai! Gwiwoyina!"

Nazarali ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Anorgul ta tallafe shi tana harararsu su biyun.

"Yaushe kake sa shi ban gani ba?"

"Ranar kasuwa, in ka tafi sayar da zuma. Tambayi matarka, ita ke riƙe min igiya."

Safarmad ya fita bai ko yi sallama ba. Ya sami matarsa Sabzagul tana manna gurasa a tanderu.

"Ashe da ke ake cin amanata?"

Ba ta ko juyo ba. "Ya gaya maka ke nan? Alhamdulillahi, na huta. Da na gaya maka, da kafin la'asar masallaci duka sun ji."

"Ɗauko igiyar."

Sai a nan ta juyo. "Kai za ka shiga? Da waɗannan gwiwoyin? Bari a nemo wani."

"Samari duk suna Rasha. Kuma in na kira wani, wurin ya tashi. Ɗauko."

Suka sauka bakin kogi. Ruwan ya riga ya haye rabin baƙin dutsen. Safarmad ya tuɓe rigar sama, ya ɗaura igiya a ƙugu, Sabzagul ta naɗe ɗaya bakin a jikin bishiya ta riƙe. Da ya sa ƙafa sai ya ji kamar an soka masa wuƙa har cikin ƙashi. Ya kai gwiwa, ya kai cinya, ya kai ƙugu. Ruwa na ture shi, tsakuwa na gudu ƙarƙashin tafinsa. Ya dafa dutsen ya lalubi ƙasa da ƙafa har ya ji wani abu mai laushi.

"Ka samu?"

"Na samu! Tsohon nan ya danne shi kamar mai binne maƙiyi!"

Dole sai da ya nutsa kansa. Ya ɗaga dutse ɗaya ya taso yana haki, ya koma. A na ƙarshe, da nauyi ya sauka, ruwa ya fizgi buzun, Safarmad ya cafko gefensa, shi ma ruwan ya kwashe masa ƙafafu. Igiya ta miƙe tsam. Sabzagul ta toka ƙafa a saiwa tana ja tana salati tana zaginsa.

"Sake shi, mahaukaci! Sake fatar!"

Bai saki ba. Ta jawo su gaɓa tare, shi da buzun, yana naɗe da shi a ƙirji, gashin a ciki don kada yashin ya zube. Leɓɓansa sun yi shuɗi. Ta lulluɓe shi da bargo tana cewa in ya mutu ba za ta yi masa kuka ba.

Da azahar aka kai babban bahon wanki ɗakin Nazarali, aka jingina mara lafiyar da matasai don ya gani. Anorgul ta zuba ruwan ɗumi. Safarmad ya tsoma buzun ya dirje shi, ya tsefe gashin da yatsu har baƙin yashi ya taru a ƙasan baho. Sannan ya ɗauki akushin Nazarali, wanda bakinsa ya suɗe saboda aiki, ya ɗebi yashin ya fara juyawa.

"A hankali! Miya kake damawa?"

"Ka bar ni in yi."

"Karkata shi. Ba haka ba. Shi ya sa ba ka taɓa samun komai ba, kana zubar da shi kana cewa ba sa'a."

"Ban samu ba don wani ɓarawo ya tare shi a ƙofar gidana."

Yashi ya yi ta raguwa. Can a gindin akushi wani siririn layi ya bayyana, rawaya, kamar an ja shi da bakin allura. Aka busar da shi a cokali bisa murhu, aka zuba a kwalba. Nazarali ya ɗaga ta saitin taga, ya ƙwanƙwasa da farce don garin ya kwanta. Ya daɗe yana kallo.

Bai kai zaren ba. Saura kamar kaurin ƙwayar alkama.

Ya ajiye hannunsa a kan bargo. "To. Haka Allah ya so."

Safarmad ya tashi ya fita. Jim kaɗan ya dawo da wata tsohuwar battar taba, ya buɗe. A ciki akwai ɗan abin da ya tara duk shekarun nan na bin kwazazzabo, bai fi a ɗauka da yatsu biyu ba.

"Mai da abinka," in ji Nazarali. "Na ce da hannuna."

"Kogi ɗaya ne."

"Na ce da hannuna."

"To buzun da hannun wa ya fito? Na aljani?"

"Maƙwabci, kada ka ɓata min rai ina kan hanya."

A nan ne Anorgul ta sauke gyalen daga bakinta. Safarmad bai taɓa ganin giɓin ba sai ran nan, ya yi sauri ya kau da kai.

"Baban Jamshed," ta ce, "tun ina da baƙin gashi nake rufe bakin nan saboda taurin kanka. An yi bikin ɗana ban yi dariya ba. An kawo min jika na yi masa wasa ta bayan ƙyalle, har yaron yana tsorona. Ban taɓa ce maka komai ba. Yau ina cewa: ka bari ya zuba."

Nazarali ya dube ta, ya dubi battar, ya dubi rufin ɗaki.

"Zinaren kwazazzabo fari-fari ne," ya ce. "Zai ɓata launin."

"Bakina ne."

Nazarali ya miƙa kwalbar. Safarmad ya karkata battar a hankali. Garin ya hau, ya taɓa zaren, ya ɗan rufe shi.

"Hanyar birni ta yi laka," in ji Nazarali. "Ba zan ga an sa ba."

Anorgul ta karɓi kwalbar, ta durƙusa gabansa, ta kanga ta daidai giɓin, ta yi murmushi har kunne.

"Ga shi. Ka gani?"

Ya daɗe yana kallonta. "Ya yi miki girma," ya ce.

Ran nan ya sha rabin kofin shayi, ya ci 'yar gurasa da aka jiƙa masa a madara. Washegari kogi ya rufe baƙin dutsen gaba ɗaya, ana jin rugugin duwatsu har cikin ɗaki. Nazarali ya sa aka buɗe taga don ya saurara. Ranar Alhamis da hantsi, Safarmad na zaune a gefensa yana ba shi labarin wata rigima da aka yi a kasuwa kan tunkiya, sai ya lura ba a katse shi ba. Nazarali bai taɓa barin ya kai ƙarshen labari ba. Safarmad ya duba, ya ga rai na fita, ya laƙƙana masa kalmar shahada, ya shafe masa idanu, sannan ya kira Anorgul daga madafa.

Aka binne shi bayan azahar a maƙabartar kan tudu. Jamshed bai iso ba sai ranar sadakar uku. Sabzagul ta dafa shinkafa da karas a babbar tukunya, ƙauye duka suka ci.

Da Anorgul ta fita takaba, Jamshed ya kai ta birni. Mai sa haƙorin da ya ɗaura zaren ya daɗe da rasuwa, ɗansa ne a shagon, ya narka garin ya yi aikin. Jamshed ya so ta bi shi Rasha, ta ce wa zai kula da kaji. Ya koma shi kaɗai. Safarmad ya kwanta ciwon ƙirji har ƙarshen bazara, ya tashi, amma gwiwarsa ta hagu ba ta sake lanƙwasuwa sosai ba, a zaune yake salla. Akushi da buzu Anorgul ta ba shi.

Da kaka ta yi, ruwa ya ja baya ya koma kore, Safarmad ya naɗe wando ya shiga gindin baƙin dutse da buzun a kafaɗa, Sabzagul riƙe da igiya tana mita. Anorgul na zaune a kan katangarta tana ɓare wake. Ya shimfiɗa, ya danne, ya juyo zai fito, santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas cikin ruwa. Anorgul ta tuntsire da dariya, hannayenta biyu na cikin kwanon wake, rana na bugun haƙorin.