Tulun da Kunkuru Ya Gani

Shekara da shekaru Dakta yana tonon kufan nan na bayan gari, yana neman abu ɗaya cikakke da zai kai gidan tarihi. Abin da ya tara kuwa tsingaro ne, kwali bisa kwali. Al'adar wurin ita ce, wanda hannunsa ya fara taɓa abu a cikin ƙasa, sunansa ake rubutawa a gaban abin. Sunan Dakta bai taɓa hawa ba.

Sai ga hukuma ta turo injiniya da sabuwar na'ura. Injiniyar kuwa Auta ce, ƙanwarsa ciki ɗaya, wadda ya goya a bayansa. Na'urar wani mutum-mutumi ne mai taya huɗu, yana rarrafe shi kaɗai, yana aika igiyar rada irin ta rediyo cikin ƙasa, hoton abin da ke binne ya fito a kwamfuta. Leburori suka sa masa suna Kunkuru. Suka watsar da ramin Dakta suka koma bin sa a baya kamar kaji sun ga mai tsaba.

An ce kishi kumallon mata ne. Wanda ya faɗa bai ga Dakta ba. Ko a gida, da Inna ta ce, "Ashe Auta har cikin ƙasa take gani," sai ya ture kwanon abinci ya ce kansa ke ciwo.

Wata safiya Kunkuru ya tsaya gab da wata tsohuwar rijiya. Auta ta kira Dakta.

"Yaya, zo ka gani. Abu ne zagayayye, kamar tulu, kuma da alama bai fashe ba."

"Zane ne kawai," in ji shi.

"Kada kowa ya taɓa tukuna. Sai na sake bi da Kunkuru a gicciye in san zurfinsa."

Ta kafa jar tuta a wurin, ta tafi tanti canza batir, leburori suka bi ta.

Dakta ya tsaya yana kallon tutar. Wato yarinyar da ko cokalin tono ba ta iya riƙewa ba, sunanta za a rubuta? Ai ya san kufan nan. Duk abin da ya taɓa samu, sai an nutsa tsayin mutum. Ƙasar sama banza ce, da diga ake ture ta. Ya tuɓe riga, ya ɗauki diga.

Bai yi nisa ba ya ji ƙwas. Ya durƙusa yana share ƙasa da yatsu. Tulu ne, mai zane a wuya, irin wanda bai taɓa gani ba sai a mafarki. Bakin digar ya shiga ta kafaɗarsa, ya raba shi gida-gida.

Yana nan durƙushe Auta ta iso, shugaban aikin na biye da ita, ga buroshi da ƙaramin cokali a hannunta. Ta dubi ramin, ta dubi digar.

"Haba Yaya," ta ce. "Yanzu na gama gaya masa kai za ka tono shi. Ni ina na iya?"

Dakta bai ɗago kai ba. Shugaban ya juya ya ce wa leburori su kawo kwali.