Sunayen Masu Gaisuwar Malam Jolame

Da hantsi motar sojoji ta sauke Malam Jolame a bakin layi, ba takalmi, yana dafe da haƙarƙari. Tsohuwa Vasemaca, maƙwabciyarsa, na feran gwaza a baranda. Ta gani sarai, ta ƙara sunkuyar da kai.

Laifinsa, ya buga waya gidan rediyo a Suva, babban birnin ƙasar, ya ce soja su koma bariki, a bar 'yan majalisa da shirmensu har zaɓe. Tun ranar mazan layin suka rabu biyu a wurin hira: masu cewa gara soja su share ɓarayi, da masu yin shiru.

Kwana huɗu Malam Jolame yana tarin jini. Ran Talata kukan matarsa Unaisi ya tsallako shinge.

Vasemaca ta zaro tabarma mai bakin jan ulu daga ƙarƙashin katifa. A nan ba a zuwa gaisuwar mutuwa hannu rabbana. Kuma ran da mijinta ya rasu, Jolame ne ya fara shigowa, da tabarmi biyu da garwar kananzir. Irin wannan ba ta mantawa.

Sai ga ɗanta Ilaitia, kofur, cikin kaki. Nana yake kiranta, wato Inna a yarensu.

"Nana, kada ki je. An ce a rubuta sunan duk wanda ya shiga gidan."

"Cire takalmanka a ɗakina. Wa zai rubuta?"

Ya dubi ƙasa. "Ni."

"Kai? Da hannun da Malam ya koya wa riƙe biro?"

"Ki rufa mini asiri, Nana. In suka ga uwata a ciki, ɗakin da Malam ya kwana a bariki, nan zan kwana."

Ta zauna rungume da tabarmar har la'asar, sannan ta miƙe ta fita.

Motar sojoji na gindin mangwaro a ƙofar gidan Malam, Ilaitia a ciki. Sajen da ke gefen Ilaitia ya leƙo.

"Kaka, ina zuwa da kaya haka? Biki ake?"

"Gaisuwa ce, ranka ya daɗe," ta ce wa yaron da ta yi jika da shi.

Ta shiga, ta shimfiɗa tabarmar a ƙafafun gawa, ta zauna jikin Unaisi. Su uku ne kacal a ɗakin, har da gawar.

Ta gilashin taga ta hango littafin rubuta sunaye a cinyar Ilaitia, biro na tafiya a hankali. Ba ta taɓa shiga aji ba. Ba ta san iya tsawon sunanta a takarda ba, balle ta gane ko shi yake rubutawa.