Sunanta a Kan Layi Dubu Arba'in

Su huɗu ne a ofishin ke rubuta manhajar sayar da tikitin mota ta intanet, kuma kowa da irin hannunsa. Dogo yakan ja layi ɗaya har ya fice daga allon kwamfuta. Baba, wanda ya fi kowa daɗewa, yana barin tazara huɗu a farkon layi. Sarkin Shayi biyu yake bari, ranar da ya tashi da ciwon kai kuma uku. Manhajar tana aiki, ba a ce ba ta yi ba. Amma in ka leƙa cikinta sai ka rantse ɗakin gwauro ne.

Ta huɗunsu ita ce Anti Tsaf, wadda ke goge madannan kwamfutarta da auduga kowace safiya. Shekara uku tana roƙonsu su bi tsari ɗaya. Su ce "To, Anti," su ci gaba da abinsu.

Ran Litinin haƙurinta ya ƙare. Juma'a za ta fara hutu, na farko cikin shekara biyu, har ta gaya wa mahaifiyarta tana tafe da yara, kuma ba ta ga yadda za ta tafi ta bar wannan ƙazanta a bayanta ba. Ta samo wata 'yar manhaja mai daidaita rubutu, ta sake ta a kan aikin gaba ɗaya. Cikin minti biyu layi dubu arba'in suka miƙe sambal. Daɗi ya kama ta har ta saya wa kowa lemo.

Abu ɗaya ta manta. Akwai rajistar da ke nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe, kuma dokar Oga, shugaban ofishin, ita ce mai suna a kan layi shi ke gyara shi. Yanzu duk layin da aka duba, sunanta ne a kai.

Ran Talata wani fasinja ya kawo ƙara: ya sayi tikiti, an ba shi kujerar direba. Oga ya buɗe rajista.

"Anti, wannan naki ne."

"Yallaɓai, ban taɓa rubuta sashen kujeru ba. Na Dogo ne."

Dogo ya ɗaga kai yana nazarin fankar sama. "Ni dai abin da rajista ta ce nake bi," in ji shi.

Kafin la'asar ƙorafi tara sun taru a teburinta, har da wata matsalar kwanan wata da Baba ya dasa tun kafin a ɗauke ta aiki. Ran Laraba suka kai ashirin da uku. Sarkin Shayi, da bai taɓa ba kowa ko cokalin sukari ba, ya kawo mata kofi cike da hannu biyu. Haushi ya hana ta sha.

Ran Alhamis ta haɗiye girman kanta ta shiga ofishin Oga. Ta ce za ta mayar da komai yadda yake, ƙazantar da sunayen masu ita. Madanni ɗaya ne.

Oga ya ce a ji ta bakin sauran. Baba ne ya fara, cikin murya ta dattaku.

"Haba 'yata. Shekara uku kina gaya mana gaskiya muna taurin kai. Yanzu da idonmu ya buɗe za ki mayar da mu duhu?"

"Wallahi ni har ciwon kaina ya tafi," in ji Sarkin Shayi.

Dogo ya ce bai taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba, kuma duk wanda ya taɓa shi sai sun yi faɗa.

Oga ya ji daɗin wannan haɗin kai da bai taɓa gani ba. Nan take ya mayar da tsarinta dokar kamfani, ya ce a tafa mata. Aka tafa. Hutu kuwa, ya ce, ai da ta kammala gyaran layukanta shi ke nan.

Ta fita baranda ta kira mahaifiyarta.

"Umma, goben nan ba za ta yiwu ba. Aiki ya riƙe ni."

"Na riga na shimfiɗa wa yaran gado," in ji tsohuwar. "Wa ya riƙe ki?"

Ta tagar ofis Anti tana hango su ukun sun kewaye allonta suna yaba aikin.

"Ni ce, Umma."