Rigar da Ba a Zo Karɓa Ba

Tun da ɗan baffanta ya ce mata, "Ke Tabarau, ai da sunanki aka tsinto ki, duk danginmu wa ke da irinsa?" ta kasa karanta ko shafi ɗaya. Walinza. Ta duba littattafan sunaye uku, babu shi.

Ran Asabar Umma ta fita sayen zare, ta bar mata shagon ɗinki. Tana neman almakashi a ƙasan durowa ta ci karo da wata leda. A ciki akwai rigar jaririya ruwan ƙwai, an ɗinka WALINZA a ƙirji da jan zare. Ba irin yadin gidansu ba ne. Wato a cikin wannan rigar aka kawo ta?

Ba ta ji shigowar Umma ba.

"Wa ya aike ki nan?"

"Umma... ke kika haife ni?"

Umma ta ajiye zaren a kan keke. Ta daɗe tana kallonta, har Walinza ta fara jin bugun agogon bango.

"Wannan mai kunnuwan ne ya faɗa miki, ko? Juya rigar."

Ta juya. A wuya akwai 'yar takarda maƙale da fil mai tsatsa, irin wadda Umma ke sa wa kowane ɗinki, da ranar da aka kawo shi.

"Ke da kika iya karatu, karanta."

Ta karanta, ta ƙirga da yatsu. Shekara biyu kafin a haife ta. Ƙasan rigar ma ba a kalmashe ba. Ba a taɓa sa wa kowa ita ba.

"Wata baƙuwa ce mai tsohon ciki ta kawo yadin," in ji Umma. "Na tambaye ta ma'anar sunan, ta ce a yarensu 'wadda aka daɗe ana jiranta' ke nan. Ba ta dawo ba. Ni kuwa lokacin shekarata tara ina wa 'ya'yan mutane ɗinki, nawa shiru. Da kika zo, wane suna kuma zan nema?"

Walinza ta cire tabarau tana gogewa da mayafi.

"Ki bar shan majina a kan kayan mutane," in ji Umma, tana ninke rigar a hankali. "Mai ita tana iya zuwa."